Gwaggo Barira da Akuya Marar Kunya

Gidanmu na cikin Birni gida ne da za ka shekara a cikinsa ba ka ji sunan mai gidan ba. Sunansa Mansur, likitan bisashe ne a ma'aikatar elbaj, wato ta kiwo, ta nan Damagaram, magidanci har da furfura a gemu, amma in ba ni na buɗe baki ba, sunan nan ba ya fitowa a tsakar gida. Matarsa Ummul Khairi "Abban yara" take ce masa. Yaran su ce Abba. Ƙannensa, da yake duk mata ne kuma aure ya kwashe su, in sun kira a waya sai su ce Yaya. Ni kaɗai, Hafsatu, nake kiransa gatsau, domin taubashina ne. Mahaifina da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito, kuma tun muna yara nake da ikon in faɗa masa abin da na ga dama ya haɗiye. Da mijina ya rasu sai na dawo gidan, ina suyar awara a ƙofa, ina kwana ɗaki ɗaya da mahaifiyar tasa, Gwaggo Barira.

Mansur ɗan fari ne. Kowa ya san kunyar ɗan fari, sai dai kowace mace tana yin tata daidai ƙarfinta, in girma ya zo ta ɗan sassauta. Gwaggo ba ta san wani abu wai shi sassauci ba. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa kakarsa, ba ta sake taɓa shi ba, ba ta haɗa ido da shi, sunansa kuwa ko a mafarki. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", in ranta ya yi fari ta ce "mai allura". Akwai wani ɗan garuwa da ke kawo mana ruwa, Allah ya haɗa shi da sunan. Shekara da shekaru "kai mai ruwa" take ce masa, ran da ya yi nisa bai ji ba kuwa ta gwammace mu wuni da ƙishi, a garin da kowa ya san yadda ruwa yake wuyar samu.

Saboda haka ni ce waya tsakaninsu. Kullum da safe zai zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce, "Hajiya, an kwana lafiya?" Ita kuma ta amsa wa bango. Sannan ta juyo gare ni.

"Hafsatu, a tambayi wancan ko ya karya."

Ga shi nan durƙushe, in na miƙa hannu zan taɓa hularsa.

"Mansur, wai ka karya?"

"Ki ce mata na karya."

"Gwaggo, wai ya karya."

"Na ji, ai ba kurma ba ce ni."

Haka nake wannan aiki ba albashi ba godiya. Wani lokaci in raina ya ɓaci sai in ƙara gishiri a saƙon, in ce, "Wai ta ce tumbinka ya fara yawa." Shi ba zai iya tambayarta ba, ita ba za ta iya ƙaryata ni a gabansa ba, sai in ci bulus.

Kada ku ce ba ta son sa. Ni da ke kwana da ita na san abin da ke ciki. In an yi miyar nama, tsokar da ta fi kyau tana cikin kwanonsa, kuma in ka tambaya sai ta ce ludayi ne ya ɗebo. Da la'asar sakaliya sai ta bar duk abin da take yi ta kasa kunne, domin cikin baburan unguwa duka ta san ƙarar nasa. In ya makara sai ta kama faɗa da kowa, da kaji, da tukunya, da ni. Ya shigo kuma, ta juya baya ta ci gaba da tsintar shinkafa kamar iska ce ta turo ƙofa. Ta kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa in ce nata cikin ya kusa fashewa.

Dabararta ɗaya ce, ita ce akuya. Ta sa aka sayo mata wata jar akuya a kasuwar Zermu, muka sa mata suna Ta-Zermu, aka ɗaure ta a turke dab da ƙofar ɗakinmu. Daga ranar akuyar nan ba ta sake samun lafiya ba a bakin Gwaggo. Yau ta yi tari, gobe idonta ya yi ja, jibi ba ta tuƙa yadda ta saba. Sai a ce, "Hafsatu, a gaya wa mai allura akuya ba ta jin daɗi." Mansur ya zo da jakarsa ya tsuguna, ya buɗe mata baki, ya latsa cikinta, ya ɗaga kofato, Gwaggo kuma tana daga cikin ɗaki tana kallonsa ta gefen labule har ta ƙoshi. Shi ma ya gane, bai taɓa cewa komai ba, sai dai ya ja aikin ya daɗe. Ban san akuyar da ta sha maganin tsutsa a ƙasar Damagaram kamar Ta-Zermu ba, har gashinta sheƙi yake yi.

Da damina ta wuce Ta-Zermu ta haifi ɗanta na fari, wani ɗan bunsuru mai farin goshi. A nan suka ɓata da Gwaggo. Akuyar nan ta kama lasar ɗanta a tsakar gida, gaban maza gaban mata, daga kai har wutsiya. In ya yi taku biyu ta kira shi, in kaza ta gifta kusa da shi ta kai mata karo. Gwaggo ta riƙe haɓa tana kallo.

"Ke Ta-Zermu, ɗan fari ne fa. Ki ji tsoron Allah ki bar idon mutane ya huta."

Akuya ta dube ta, ta ci gaba da lasa.

"Zamani ke nan," in ji Gwaggo, da ƙarfi yadda za a ji a ɗakin girki. "Har dabbobi sun koya."

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ummul Khairi 'yar lakwal ce, ta yi boko, ɗanta na fari a cinya take ɗora shi ta kira sunansa har da sumba, abin da Gwaggo ba ta taɓa yafe mata ba. Ummul Khairi ta ji, ta yi kamar ba da ita ake ba.

Ana cikin haka Mansur ya dawo wata rana da magana. Ya same ni a bakin kaskon awara, ya zauna a kan benci, ya ɗauki guda ɗaya bai biya ba kamar kullum.

"An ba ni afektasiyo, an canza mini wurin aiki," ya ce. "Tilaberi. Shef na serwis, shugaban ofis."

"Tilaberi? Can bayan Yamai, inda Hausar ma sai ka nema?"

"Can. Amma dirakta ya ce ba dole ba ne. In na je muƙamin nawa ne, in ban je ba a ba wani, in ci gaba da zamana a nan." Ya juya awarar a hannunsa. "Ki tambayar mini Hajiya. In ta ce in zauna, na zauna."

Na dube shi. Mutum mai 'ya'ya har sun fara tasawa, amma idonsa irin na yaron da ke jiran a ce masa zo ka ci. Ba girman yake so ba, na san shi. So yake sau ɗaya a duniya ta ce tana bukatarsa. Tausayinsa ya kama ni, sai na ce masa ya biya kuɗin awarata don kada ya gane.

Na shiga na sami Gwaggo tana kaɗi. Na faɗa mata komai, ban rage ba, wannan karon ban ƙara ba. Mazarin ya tsaya a hannunta. Sannan ta murza mazarin ya ci gaba da juyawa.

"To ni ina ruwana? Ni na ɗauke shi aiki?"

"Gwaggo, cewa ya yi in kin ce ya zauna zai zauna."

"Ni in ce? A ji a gari an ce Barira ta hana ɗan fari tafiya don tana son ganinsa? Gara ƙasa ta tsage in shige. Ki ce masa namiji ba ya tambayar mata hanya."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce mata ta tuna shekarunta, ta tuna nisan Tilaberi, ta tuna wanda ya je can sai sallah zuwa sallah in ma an samu. Ta ce in fita in ba ta wuri kafin awarata ta ƙone. Na kai masa saƙo yadda yake. Ya ce, "Bon, shi ke nan." Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Washegari ya gaya wa dirakta zai je, aka ce shi ya fara yin gaba, iyali su biyo daga baya. Gwaggo kuwa ya san ko da igiya ba za ta bar Birni ba.

Daga ranar Gwaggo ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta huce a kan akuya. Lokacin ɗan bunsurun ya fara cin ciyawa sosai. Ta ce rashin ta-idon ya isa, a gidanta ba a taɓa yin uwar da ta riƙe ɗan farinta ba, kuma ba za a fara daga kan akuya ba. Ƙanenta Kawu Yakuba ya shigo gari daga Dakusa cin kasuwar Dole ta nan Damagaram, ta sa aka kama ɗan bunsurun aka ba shi riƙo, kamar yadda aka yi wa Mansur. Kawu ya ga banza ta faɗi, ya saɓa shi a kafaɗa ya yi gaba.

Bai kai bakin lungu ba Ta-Zermu ta fara.

Na sha jin kukan akuya, amma wannan daban ne. Ta miƙe wuya, ta buɗe baki har kana hango maƙogwaronta, ta saki wata murya kamar ana jan tsohon ƙyaure. Ta yi, ta huta ta ja numfashi, ta sake. Aka zuba mata harawa ta ƙi, aka dama mata dusa ta ture da ƙafa. Ta zagaya turke har igiya ta naɗe, ta warware, ta sake zagayawa, idonta a ƙofar gida. Masu sayen awara suka fara tambaya ko yanka ake yi a ciki.

Gwaggo ta ɗauko kujera 'yar tsugune ta zauna gabanta tana yi mata nasiha.

"Haba baiwar Allah. Mu ma an ɗauke mana, wa ya ji bakinmu? Daurewa ake yi. Ki haɗiye, zai wuce."

Akuya ta matso dab da fuskarta ta kwarara mata wani sabo.

Maƙwabcinmu Malam Idris, tela ne kuma shi ne ladanin masallacin lungu, bangon shagonsa ne ya raba shi da turken. Mutum ne mai haƙuri, amma da abin ya kwana ya wuni ya sake kwana, sai ga shi a zaure da tsinin almakashi a aljihu da jajayen idanu.

"Hajiya Barira, an ce kukan kurciya jawabi ne. Wannan kuwa azaba ce. Na kira sallah ba wanda ya ji ni, na yanka wa mutum wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. A taimaka."

"Malam, tarbiyya nake ba ta."

"To a ba ta a hankali, mu ma muna karɓa."

Da ta ga unguwa za ta taso mata, Gwaggo ta ce in kira mai allura ya yi wa akuya allurar barci. Mansur ya zo da jakarsa, lokacin saura kwana kaɗan ya tafi, har ya fara haɗa kaya. Ya tsuguna ya duba ta kamar yadda ya saba, sai dai yau bai ja aikin ba. Ya shafa wuyanta, ya rufe jaka, ya miƙe. Ni ya kalla, amma muryarsa ta wuce ni ta shiga ɗaki.

"Ki ce mata ba ni da allurar wannan. Lafiyarta lau. Ɗanta take kira." Ya rataya jakar. "Ita dai ta san yadda ake yi."

Bai jira na isar ba ya fita. Ni ma ban isar ba, domin labulen ya motsa, na san ya shiga inda aka aika shi. Can Gwaggo ta ce, "Ai dabba ce." Ranar ba ta taɓa tuwonta ba, ta ce miyar ta yi gishiri, alhali ita ta yi ta.

Malam Idris ne ya gaji ya yanke hukunci. Bai shawarci kowa ba, ya rufe shago da hantsi, ya hau babur ɗinsa ya nufi Dakusa. Ban san me ya faɗa wa Kawu Yakuba ba, na dai ji an ce har aya ya ja masa. Da la'asar sai ga shi ya dawo, ɗan bunsuru a cikin buhu a kan cinyarsa, kai a waje, gaban rigarsa sharkaf da abin da ba sai na faɗa ba. Yaran lungu suka biyo shi da tafi. Ya sauke buhun a tsakar gida ya ce, "Ga amanarku, ni zan je in yi wanka."

Ɗan bunsurun ya fito yana tangaɗi. Ta-Zermu ta fizgi igiya har turken ya girgiza, ya ruga ya shige ƙarƙashinta ya kama nono yana kaɗa wutsiya. Ta sunkuya tana lasarsa. Gidan ya yi tsit, har kunnuwana suka riƙa yi mini ƙara don sun saba.

Gwaggo na zaune a bakin ƙofa tana kallo. Na zaci faɗa za ta yi, an karya mata doka a cikin gidanta. Sai ta kira ni.

"Hafsatu."

"Na'am, Gwaggo."

"Ita ta je Dakusa ta ƙwato shi?"

"Ina fa. Tana nan ɗaure."

"Ba ta aiki kowa ba?"

"Wa za ta aika? Ba ta da taubashiya."

"Kuka kawai?"

"Kuka kawai. Ta cika wa mutane kunne har suka ɗauko mata."

"Marar kunya," in ji Gwaggo. Amma a hankali ta faɗa, kuma ta tashi da kanta ta dama mata dusa.

Na sa rai a ranar za ta aike ni da wani sabon saƙo. Ba ta aike ni ba. Washegari ma haka. Ta ci gaba da kaɗinta, tana amsa wa bango gaisuwa, sai dai na lura in ta zauna ita kaɗai bakinta na motsi ba sauti, kamar mai bitar karatu. Na ɗauka tasbihi take yi.

Ranar tafiya ta zo. Bayan sallar asuba gari ya yi haske, ɗan kabu-kabu na jira a bakin lungu da akwati ɗaure a bayan babur, zai kai shi gar, tashar mota, ya kama kar, babbar motar Yamai. Mansur ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarmu, ya daɗe fiye da kullum.

"Hajiya, zan tafi. A yafe mini."

Daga bayan labule aka ce, "Hafsatu, a ce Allah ya kiyaye hanya."

Ban isar ba, don haushinsu su biyun ya cika ni. Ya jira ko akwai saura. Babu. Ya tashi ya fita, Ummul Khairi da yara suka raka shi zaure, ni na bi su ina gunaguni.

Ya yi nisa cikin lungu, ya wuce shagon Malam Idris, sai na ji an ture ni gefe. Gwaggo ce, ba takalmi, mayafi a karkace. Ta tsaya a dokin ƙofa ta riƙe bango. Ta buɗe baki, wani abu ya fito kamar tari. Ta haɗiye yawu, ta miƙe wuya.

"Mansur!"

Bai juyo ba. Daga baya ya ce mini ya ji, amma bai san muryar ba, ya zaci wani Mansur ɗin ake kira. Ta sake ja da numfashi ta kira, wannan karon har tantabarun kan soro suka tashi. Ya tsaya cak, ya waiwayo.

Lungun nan kowa ya san Gwaggo Barira. Mai koko ta tsaya da ludayi a sama. Malam Idris ya leƙo da carbi a hannu. Ummul Khairi ce ta fara dawowa hayyacinta, ta ɗora hannu a ka.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya ta kira sunansa. Tafiya ce ta zo."

Shi ke nan. Ai ba wanda ya yi tunanin wani abu daban. Tsohuwar da ta shekara arba'in da ɗoriya ba ta furta sunan nan ba, in ta furta shi a tsakiyar lungu ba takalmi, to ba ita ke magana ba, ajali ne. Ni kaina haka na zata. Kafin ka ce kwabo mata sun fito daga gidaje, wata da zane a ƙirji, wata da kumfar wanke-wanke a hannu. Suka yi caa a kanta, suka ɗauke ta cak kamar buhun gero suka yi cikin gida da ita.

"Ku sake ni," in ji Gwaggo. "Me na yi muku?"

"Allahu akbar," in ji mai koko. "Da mala'iku take magana."

Aka shimfiɗa tabarma a inuwa aka kwantar da ita ta fuskanci gabas. Wata na fifita, wata na ɗiga mata ruwa a baki, wata na laƙƙana mata kalmar shahada a kunne. Gwaggo ta karɓa, domin ba a ƙin karɓar shahada, sai aka ce kun ji ko, za ta cika da kyau. Ta yunƙura za ta tashi aka danne ta. Ta ce, "Ina Mansur ɗin?" Mata suka ƙara fashewa da kuka, sau uku ke nan. Malam Idris ya zauna a gefe ya tanƙwashe ƙafa ya fara Yasin.

Mansur ya kutsa cikin matan, hularsa ta faɗi bai sani ba. Ya zube a gabanta ya kama hannunta da hannu biyu. Rabon da fatarsa ta taɓa tata tun yana shan nono. Likita guda, ko jijiyar hannun bai tuna ya taɓa ba, kuka kawai yake yi kamar ƙaramin yaro.

"Na fasa," yake cewa. "Ba inda zan je. A kwance akwatin. Na fasa."

Nan take Gwaggo ta daina kokawa. Ta yi lamo, ta rufe ido. Aka ce to, ta fara nisa. Ni da ke wajen kanta ina fifita, sai na ga ido ɗaya ya buɗe kaɗan, ya sauka a kan hannun da ke riƙe da nata, ya rufe. Numfashinta kuwa daidai yake, ya fi nawa. Sai na gane komai, dariya da kuka suka zo mini tare. Na sunkuya kamar ina mata addu'a.

"Gwaggo, kin ci riba," na raɗa mata. "Ki kwanta abinki. Ya fasa tafiya, kuma ba wanda zai ce kin yi rashin kunya. Mai gargara ba ta da laifi. Ki yi sati a kwance ki warke a hankali, ni zan rufa miki asiri."

Wallahi shawara ce mai kyau, har yau ina ganin haka. Ta auna ta, na ga goshinta ya tattare. Malam Idris ya kai tsakiyar sura. Sannan ta motsa baki, na kara kunne.

"Akuyar ma ba da ciwon ƙarya ta samu ɗanta ba."

Ta buɗe ido biyu, ta ture mai ɗiga mata ruwa, ta tashi zaune. Mata suka ja da baya, mai koko har ta taka kwano.

"Malam Idris, ajiye Yasin ɗin nan, ba yau ba ce. Ke kuma Ummul Khairi rufe mana baki. Lafiyata lau, ko ciwon kai ba na yi. Da hankalina na kira shi, kowa ya ji, a je a faɗa a kasuwa."

Ta juya gare shi. Ta fara duban kafaɗarsa, sannan gemunsa, da ƙyar ta kai idonsa. Muryarta ta yi ƙasa, amma gidan ya yi shirun da kowa ya ji.

"Mansur, ba mutuwa zan yi ba. Ba na son ka tafi ne. Na tsufa, in ka tafi ban san ko zan sake ganinka ba, ni kuwa ina son ganinka."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jiran wannan magana, da ta zo sai ya rasa inda zai sa idonsa. Ya dubi ƙasa, ya dubi bango, ya goge fuska da hannun riga. Yanzu ba mai gargara ba ce a gabansa, uwarsa ce da ranta da lafiyarta, ga rabin unguwa na kallo. Ya waiwayo gare ni.

"Hafsatu, ki ce mata..."

"Na ajiye aiki," na ce. "Ga ta nan gabanka."

Ya yi gyaran murya har sau biyu. Daga waje ɗan kabu-kabu ya danna oda, ba wanda ya kula shi.

"Na ji, Inna," ya ce. "Na zauna."

Gwaggo ta jawo mayafi ta rufe fuskarta ruf don kunya. Hannunsa dai ba ta saki ba.